Korona Da Jijjigar Yara: Abin Da Ya Rataya A Wuyan Malamin Aji

 



Lokacin da sakatare ya sanar da cewa za a yi magana a kan korona a wannan zama, mun hango wasu suna murmushi, wani dattijo ma ya ce ashe har yanzu ba a binne wannan zance ba. Ba mu ga laifinsa ba. Takunkumi ya zama tarihi, bokitin wanke hannu da aka girke a ƙofar aji ya koma na yayyafa ruwa kafin shara, kuma tun ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar. Ga batun albashi da ƙarin girma yana cin kowa a rai. Sai dai ƙwayar cutar ba ta naɗe tabarmarta ta bar duniya ba. Tana nan tana zagayawa cikin mura da tari, kuma akwai wani aiki nata da ba a yi mana bayaninsa ba ko a lokacin da ake ta shela a rediyo dare da rana, wato abin da take yi wa ƙwaƙwalwa, musamman jijjiga. Mu dai alli ne sana'armu, ba mu zo nan da rigar likita ba. Abin da ya sa muka roƙi a ba mu wannan dama shi ne wani al'amari da ya faru a gabanmu, muka tafka kuskure a cikinsa, muka kuma ga bai dace mu bar ku ku maimaita shi ba.

A watan Janairu na 2022, cikin tsakiyar hunturu, wata yarinya 'yar aji uku mai shekara takwas ta yi kwana biyu ba ta zo makaranta ba saboda zazzaɓi da mura. A rana ta uku ta dawo, jikinta da sauran ɗumi. Ana dab da fita tara, tana zaune a benci na biyu, sai ta yi wata 'yar ƙara, jikinta ya sandare, ta sulale ƙasa. Hannuwa da ƙafafu suka shiga fizga, idanu suka juye, kumfa ta fito a baki. Kafin ƙiftawar ido aji ya watse, yara sama da saba'in suka yi ƙofa da taga suna ihun aljanu. Mu malamai muka taru a kanta, kowa da abin da ya gado daga gida. Wani ya danne ƙafafu, wata ta riƙe hannuwa. Aka ruga wajen mai sayar da shinkafa da wake aka karɓo cokali, aka cusa mata a baki wai kada ta haɗiye harshenta. Aka kwara mata ruwan randa cikin wannan sanyi, aka matsa mata albasa a hanci. Duk cikinmu ba wanda ya dubi agogo. Da aka tambaye mu a asibiti tsawon lokacin da ta ɗauka tana jijjiga, wani ya ce minti biyu, wani ya rantse ta yi rabin awa. Haƙorinta na gaba, wanda bai daɗe da fitowa bayan famfara ba, ya gutsure, dasashi ya fashe. Jinin da ya ɓata mata hijabi aikin cokalinmu ne.

A asibiti aka yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a samu ba. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayanta don tsoron sanƙarau, ya fito garau. Da yake lokacin nau'in korona da ake kira Omikron ya bazu, sai aka yi mata wannan gwajin ma, ya nuna tana ɗauke da ita. Muka dubi juna. Korona kuma? Ashe ba ciwon huhu ba ce, ba kuma ta tsofaffi da masu yawon ƙasashen waje ba ce? Wannan tambaya ita ta sa muka shiga bin likitoci da nas-nas da tambaya, muka kuma karanta abin da hannunmu ya kai gare shi. Abin da muka tsinto shi za mu shimfiɗa muku.

Mu fara da ita kanta jijjigar. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ke aika wa juna saƙo irin na lantarki, kowanne a kan lokacinsa. Ku ɗauke ta kamar aji mai tarbiyya, inda yaro ke ɗaga hannu, a ba shi dama, ya yi magana, ya zauna, wani ya karɓa. Jijjiga ita ce sa'ad da aji duka ya ɓarke da magana a lokaci guda, ba mai jin wani. Idan hayaniyar ta mamaye ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, sai mutum ya fita hayyacinsa, ya faɗi, jiki ya riƙa fizga. Idan a wani lungu kaɗai ta tsaya, sai a ga hannu ɗaya yana rawa, ko baki yana taune-taune, ko mutum ya yi zuru ba ya amsawa. Yawanci cikin minti ɗaya zuwa uku ƙwaƙwalwa take tsawata wa kanta, komai ya lafa.

Akwai bambanci tsakanin jijjiga da farfaɗiya, kuma rashin sanin wannan bambanci ya rushe karatun yara da yawa. Jijjiga abu ne da ke iya samun kowa idan ƙwaƙwalwarsa ta takura, ko da zafin zazzaɓi, ko da faɗuwar sukari, ko da bugu a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum ɗaya cikin goma na iya yin jijjiga sau ɗaya a rayuwarsa. Farfaɗiya kuwa ita ce idan jijjiga ta riƙa dawowa, sau biyu ko fiye, ba tare da wani dalili na nan take da ya tayar da ita ba. Yarinyarmu ta yi jijjiga sau ɗaya cikin zazzaɓi, amma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa mai farfaɗiya ce.

To, ta ina korona ta biyo har ta kai ga ƙwaƙwalwa? Kowa a nan yana tuna yadda cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, yadda aka tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da yadda aka rufe mana makarantu a watan Maris, ba a fara buɗewa a yawancin jihohinmu ba sai wajen Oktoba. Alamomin da aka haddace mana su ne zazzaɓi da busasshen tari da sarƙewar numfashi. Amma ku tuna da wata alama da mutane da yawa a cikinmu suka ji a jikinsu suka yi shiru: ɗaukewar ƙanshi da ɗanɗano. Mutum ya shinshina turare ya ji kamar ruwa, ya ci yaji ya ji salam. Jin ƙanshi aikin jijiya ne, don haka tun a nan ya kamata mu gane cewa cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba.

Likitocin Wuhan sun gane haka da wuri. A wani bincike da suka wallafa a 2020, sun duba marasa lafiya 214 da aka kwantar, suka tarar 78 daga cikinsu, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku, suna da wata alama da ta shafi ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, kamar jiri da ciwon kai da gushewar hankali. Mutum ɗaya ne kacal a cikinsu ya yi jijjiga. A wannan shekarar kuma likitoci a Japan suka ba da labarin wani saurayi ɗan shekara 24 da aka tsinta a sume bayan kwanaki yana zazzaɓi, ya yi jijjiga a kan hanyar asibiti. Gwajin hancinsa bai nuna korona ba, amma aka same ta a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan shiga ta kai tsaye ba ta da yawa. Abin da ya fi faruwa shi ne cutar ta takura ƙwaƙwalwa daga nesa. Zazzaɓi mai zafi kaɗai ya isa ya kayar da ƙaramin yaro. Idan huhu ya kasa, iskar da jini ke kai wa ƙwaƙwalwa sai ta ragu, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da haƙurin yunwar iska. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri wajen yaƙar cutar, ta haddasa kumburi ko'ina har da ƙwaƙwalwa, kamar mai gadin da ya zo korar ɓarawo ya ƙone rumbu. Amai da gudawa na iya rikita ma'aunin gishirin da ke cikin jini. A jikin manya kuma korona tana sa jini ya yi guda ya toshe hanya, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, jijjiga ta biyo baya.

Akwai wata fuska da ta shafi yara musamman. A watan Afrilu na 2020 likitoci a Ingila suka lura da wasu yara da ke zuwa da zazzaɓin da ya ƙi sauka, da jan ido, da ƙuraje, da ciwon ciki, makonni biyu zuwa shida bayan korona ta shige su, sau da yawa ba tare da an ma san sun kamu ba. Kumburi ne da ke kama gaɓoɓi da yawa a lokaci guda, har zuciya, kuma wasu daga cikin yaran sun rikice ko sun yi jijjiga. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa idan aka yi jinkiri.

Zuwan Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta fara sanar da duniya a watan Nuwamba na 2021, shi ya fito da batun fili. Likitocin yara a yankin Tshwane, inda birnin Firitoriya yake, sun duba bayanan yaran da aka kwantar da korona a farkon wannan zango, suka ga kusan ɗaya cikin uku ya zo da jijjiga. A ka'ida, jijjigar zazzaɓi ta yara ce 'yan wata shida zuwa shekara biyar, wato 'yan rabin aji da ƙannensu. Amma a zamanin Omikron likitoci a ƙasashe irin su Japan sun riƙa ganinta a jikin yaran da suka haura wannan shekaru, sa'o'in yarinyarmu. Sai kuma wani babban bincike da masana na Jami'ar Oksfod suka fitar a 2022. Sun kwatanta mutum sama da 150,000 da suka yi korona da wasu masu yawa kamar haka da suka yi murar nan mai tsanani da ake kira infuluwenza. Cikin wata shida, kimanin mutum 8 cikin 1,000 na masu korona suka yi jijjiga, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin 5. Waɗanda aka tabbatar wa farfaɗiya kimanin 3 ne cikin 1,000, a ɗaya ɓangaren ba su cika 2 ba. Tazarar ta fi fitowa a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 16, har da waɗanda cutar ba ta kai su ga kwanciya a asibiti ba.

Mu malaman lissafi ne, don haka mu karanta waɗannan alƙaluma da adalci. Takwas cikin dubu na nufin 992 ba abin da ya same su. Ba mu zo tayar da hankalin kowa ba, kuma ba ma so wani ya fita daga nan ya ce duk yaron da ya faɗi korona ce. A ƙasarmu, idan yaro ya yi jijjiga da zazzaɓi, zazzaɓin cizon sauro ne abin zargi na farko, musamman da damina da kaka, sai sanƙarau idan zafi ya shigo. Akwai waɗanda suka sha wuya wajen haihuwa, akwai waɗanda suka bugu a kai a hatsarin babur. Mutanen Zamfara ba za su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta riƙa kashe yara da jijjiga. Korona baƙuwa ce da ta zo ta zauna a ƙarshen wannan layi. Amfanin saninta a wurinmu shi ne ta tuna mana cewa faɗuwar yaro tana da sanadi a cikin jikinsa, sanadin da ake iya nema a samu, sau da yawa kuma a magance.

Mun san abin da ke ran wasu, domin yana ranmu mu ma a wancan yini. An tashe mu a kan cewa wannan ciwo na iska ne. Ba mu zo jayayya da imanin kowa ba, kuma ba wanda zai hana a yi wa yaro addu'a. Bakin da ke addu'a bai hana hannu ya juya yaro ya kwantar da shi daidai ba, bai kuma hana ƙafa ta nemo abin hawa ba. Malamanmu na addini da ke cikin wannan ɗaki sun fi mu sanin labarin baiwar Allah nan da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan cewa tana faɗuwa, kuma idan ta faɗi jikinta yana buɗewa. Ta zaɓi haƙuri a kan ciwon, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa tsiraita, aka kuwa yi mata. Ba a kore ta daga cikin jama'a ba, ba a guje ta ba, har Ibn Abbas yana nuna ta a matsayin 'yar Aljanna. Abin da ya fi damunta shi ne mutuncinta. Mu kuwa mun bar yarinya kwance a ƙasa, siket ya tattare, ta jiƙe da fitsari, yaran makaranta duka suna leƙe ta taga, ba wanda ya tuna ya cire mayafi ya rufa mata.

Ga abin da ya kamata mu yi, kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koya mana daga baya, kuma ba ya bukatar ko sisin kwabo. Da yaro ya faɗi, malami ya dubi agogo ko wayarsa ya riƙe lokacin, domin wannan ita ce tambayar farko da likita zai yi. Ya sa monita ya fitar da yara cikin natsuwa, ya aiki ɗaya ya kira shugaban makaranta. A janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a naɗe riga ko ɗankwali a sa masa ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga ko hijabi. Kada a danne shi. Fizgar ba ta tsayawa don an danne, sai dai a gurɗe masa kafaɗa. Kada a sa masa komai a baki, ko cokali ko tsinke ko yatsa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, harshe a ɗaure yake. Cizon da zai yi wa harshen yana warkewa cikin kwanaki, haƙorin da aka karya kuwa ya tafi ke nan, in ma bai faɗa maƙogwaro ya shaƙe shi ba. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu ko magani yana cikin wannan hali, domin huhu za su wuce. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Garin neman gira ake rasa ido. Da zarar fizgar ta lafa, ko tun kafin nan idan ya yiwu ba tare da kokawa ba, a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, baki yana kallon ƙasa, don yawu ko amai su zubo waje. A rufa masa jiki. A zauna kusa da shi har ya farfaɗo, domin zai tashi a gajiye, a rikice, wataƙila da kunya, kuma fuskar da ya fara gani da muryar da ya fara ji za su daɗe a ransa.

Minti biyar shi ne iyaka. Idan jijjiga ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta dawo yaro bai farfaɗo a tsakani ba, to ba sauran jira, a nufi asibiti da shi a kwance a gefensa, ko an sami iyaye ko ba a same su ba. Haka nan idan wannan ne karonsa na farko, ko akwai zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, ko numfashi bai daidaita ba, ko ya ji rauni a kai. Idan kuma abokiyar aikinmu ce mai juna biyu ta yi jijjiga, wannan ko na daƙiƙa goma ne, asibiti kai tsaye.

Akwai wata irin jijjiga da ta fi shafarmu fiye da kowa, domin a aji ake ganinta, kuma mu ne muka fi zaluntar masu ita. Yaro yana cikin karatu ko rubutu sai ya tsaya cak, ido a buɗe, ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci gira ko leɓe na motsi, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ba ya faɗuwa, ba ya kumfa, shi kansa bai san ya tafi ba. Tana iya zuwa masa sau da yawa a yini guda. Ku duba littafin shifta na irin wannan yaro, za ku ga kalmomi sun ɓace a tsakiyar jimla, ba don bai iya ba, sai don lokacin da aka faɗe su ba ya nan. Mu kuwa me muke yi? Mu kira sunansa, ya yi shiru, mu ce raini ne, mu ɗauko bulala. A ƙarshen zango mu rubuta masa cewa ba ya mai da hankali. Wanda duk ya shekara goma yana koyarwa, in ya yi tunani da kyau, zai tuno fuska ɗaya ko biyu. Gwajin mai sauƙi ne: mai mafarkin ido biyu yana zabura idan aka taɓa shi, wannan kuwa ba ya ji har sai abin ya sake shi. Irin wannan tana jin magani sosai, kuma yara da yawa suna rabuwa da ita idan sun girma. Abin da ake bukata kawai shi ne malami ya lura, ya rubuta ranar da yadda abin ya kasance, ya gaya wa iyaye cikin sirri.

Game da masu farfaɗiya ta haƙiƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su kimanin miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Magungunan sanannu ne, irin su fenobabiton da kabamazafin, sai dai likita ne ke zaɓa, kuma sharaɗinsu shi ne a sha kullum ba fashi. A nan ma korona ta yi ɓarna ta bayan gida: lokacin kulle, wanda maganinsa ya ƙare ba shi da hanyar zuwa asibiti, ga kasuwa a rufe, ga aljihu a bushe, kuma yanke irin wannan magani farat ɗaya yana tayar da jijjiga mai tsanani. Har gobe, duk zazzaɓin da ya kama mai farfaɗiya, na korona ne ko na sauro, yana iya tayar masa da ciwon. Saboda haka yaron da muka san yana shan magani, in ya zo da jiki da zafi, kada a ce ya kifa kai a benci har a tashi.

Mu koma ga yarinyarmu, domin abin da ya biyo bayan asibiti ya fi cokali muni. Kwana uku aka sallame ta, ta warke sarai. Da ta dawo, benci na biyu ya zama nata ita kaɗai, a ajin da yara ke zama biyar-biyar. Ba mai shan ruwa da kofin da ta sha. Iyaye suka aiko cewa a raba 'ya'yansu da ita, wai duk wanda ya taɓa yawunta ko ya tsallake inda ta faɗi zai ɗauka. A nan sai mu yi magana dalla-dalla: korona ana ɗaukarta ta numfashi, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne, ta riga ta bar jikin yarinyar. Jijjiga da farfaɗiya kuwa ba a ɗaukarsu, ko ta yawu, ko ta kumfa, ko ta kwano, ko ta tabarma. Mun san haka yanzu. A lokacin shiru muka yi, shirun namu kuwa yara suka ɗauke shi a matsayin tabbaci. Bayan mako biyu mahaifinta ya tsayar da ita a gida. Da muka je, ya karɓe mu da mutunci, ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce, “Malam, 'ya mace ce. In wannan suna ya bi ta, wa zai zo neman aurenta?” Ba mu da amsa a ranar. Sai da muka koma sau uku, na ƙarshe tare da limamin unguwa da wata nas 'yar garin, kafin ya sassauta. Zango biyu suka wuce ta, dole ta maimaita aji uku.

Shugaba, wannan ne ya kawo mu ga abin da muke roƙon reshe. Mun yi kwalejin ilimi, mun yi aikin koyarwa na gwaji, mun halarci bita iri-iri a kan tsara darasi da cike rajista, amma ba mu tuna ranar da aka durƙusar da mu a ƙasa aka nuna mana yadda ake juya yaron da ya suma ba. Muna roƙon a ware awa ɗaya a taronmu na gaba, a gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna mana da hannu, kowa ya gwada a kan ɗan'uwansa, mata a ɓangarensu, maza a nasu. Muna roƙon kowace makaranta ta zauna da ƙungiyar iyaye da malamai a yanke tun yanzu wa zai biya kuɗin abin hawa idan ta ɓaci, domin a ranar da muke ba ku labari sai da aka yi karo-karo a tsaye, mai adaidaita sahu yana jira. A kuma riƙa tambayar iyaye lokacin ɗaukar sababbin yara ko yaro yana da wata lalura, a rubuta lambar waya, a adana a ofis ba a bakin jama'a ba. Iyaye ba za su faɗa ba sai sun tabbata faɗar ba za ta zama sanadin korar ɗansu ba, kuma wannan tabbaci daga bakinmu zai fito. Yaron da ke da farfaɗiya ya yi wasa da 'yan'uwansa, ya yi shara, ya yi tsere. Rijiya da kududdufi da wuta da hawan bishiya kaɗai za a kiyaye masa.

Wata magana kuma da ba a cika yi ba. A cikin ƙungiya mai yawan mambobi kamar tamu, da wuya a ce babu malamin da ke shan maganin farfaɗiya a ɓoye, yana fargabar ranar da zai faɗi a gaban aji a ce bai cancanci riƙe alli ba. In irin wannan rana ta zo, muna so reshe ya kasance ya riga ya san matsayinsa, ya tsaya masa kamar yadda yake tsaya wa wanda aka riƙe wa albashi.

Yarinyar tana aji biyar yanzu. Ba ta sake faɗuwa ba ko sau ɗaya, kuma bencinta ya cika har ana ture-ture. Ita ce ke karanta labari a taron safe ranar Litinin. Haƙorin nan dai yana nan a gutsure, duk sa'ad da ta yi dariya muna ganinsa.

Shugaba, a nan za mu dakata. Akwai tabarma a bayan ɗaki. In an ba mu minti biyar bayan addu'ar rufewa, za mu nuna wa mai so yadda ake kwantar da yaron a gefensa.